MU KULA DA FATAR TSOFAFFINMU

Ga jawabin da wakilinmu ya yi a gaban masu karatu na wata cibiyar yaƙi da jahilci ta ƙasar Madarunfa, a farkon ɗari. Mun buga shi domin sauran cibiyoyi su karanta, su tattauna a kansa.



Iyayena maza, iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanku da yamma, barkanku da sanyi. Ina gaida mai gari da dattawan gari. Ina gode wa malamin cibiya da ya ba ni wannan lokaci cikin lokacin karatunku.

Yau ba lissafi za mu yi ba. Ba kuma zancen taki ko na iri na kawo muku ba. Zancen fata na kawo, fatar jikin tsofaffinmu. Na ga wasu suna murmushi. Na san abin da kuke cewa a zuci: gyaran fata ai na ƴan mata ne da amare, ina ruwan tsoho da shi? To ku ba ni hankalinku, in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu.

Wan mahaifina yana da garka kusa da tabki. Shekara da shekaru yana noman rani, yana samun albasa da tumatir. Wata shekara da ɗari ya shigo, sai faso ya tsaga masa diddige. Bai kula ba. Ya ce faso ne kawai, kowa na da shi. Ya ci gaba da ban ruwa, ƙafa cikin laka safe da yamma. Da wurin ya fara ciwo, wani ya ce ya zuba toka. Wani ya ce ya shafa baƙin man mota. Duk ya yi. Bayan mako 2 ƙafa ta kumbura har ƙwauri, zazzaɓi ya rufe shi. A amalanke muka kai shi gidan likita. Allah ya sa ba a yanke ƙafar ba, amma ya yi wata 2 bai taka ƙasa ba. Garka ta bushe. An sayar da awaki 2 don magani da abinci.

Ranar da za mu koma gida, ma'aikacin lafiya ya ce mini: da an riƙa wanke ƙafar nan ana shafa mata mai tun farkon ɗari, da ba ku zo nan ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ita ce ta kawo ni gabanku yau.

MENE NE AIKIN FATA?

Fata ita ce katangar jiki. In an shimfiɗa fatar babban mutum, za ta kai faɗin tabarmar kwana ta mutum ɗaya. Tana da hawa 3. Akwai na sama, wanda muke gani. Akwai na tsakiya, inda jijiyoyin jini da jijiyoyin ji suke, da wuraren da gumi da maiƙo ke fitowa. Akwai na ƙasa, wato kitse, wanda ke zama kamar matashi tsakanin fata da ƙashi.

Fata tana yi mana aiki 4:

1. Tana hana ƙwayoyin cuta shiga jiki.
2. Tana hana ruwan jiki fita a banza.
3. Tana sanyaya jiki da gumi lokacin zafi, tana riƙe ɗumi lokacin sanyi.
4. Tana faɗakar da mu in ƙaya ta soke mu ko wuta ta taɓa mu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake ga fata. Ƙwayoyin cuta suna nan cikin ƙasa, cikin laka, cikin kashin dabbobi. Ido ba ya ganinsu. Muddin fata ba ta tsage ba, suna waje. Ranar da ta tsage, sun samu ƙofa.

ME KE FARUWA IN MUTUM YA TSUFA?

Ku dubi bayan hannun jariri, sa'an nan ku dubi bayan hannun kakarsa. Ba iri ɗaya ba ne. Ga abin da shekaru ke yi wa fata.

Tana yin siriri. Abin da zai goge yaro ya wuce, shi zai yage fatar tsoho. Kara, igiya, bakin guga, duk suna iya ji masa rauni.

Tana bushewa. Maiƙon da jiki ke fitarwa da kansa yana raguwa. Shi ya sa ƙwaurin tsoho ke yin fari kamar an barbaɗa masa toka, yana ƙaiƙayi. Ya sosa, farce ya tsaga fata, rauni ya samu.

Kitsen da ke ƙarƙashinta yana raguwa. Shi ya sa tsoho ya fi kowa jin sanyi, kuma ƙashi ke danna fatarsa in ya daɗe a kwance.

Jinta yana raguwa. Tsoho na iya taka ƙaya ko ya matsa kusa da garwashi bai ji da wuri ba.

Warkewarta tana jinkiri. A jikin saurayi, hawan sama na fata yana sabunta kansa cikin kamar mako 4. A jikin tsoho ya fi haka daɗewa. Raunin da zai rufe cikin ƴan kwanaki a jikin yaro yana iya ɗaukar makonni a jikin kakansa.

Wannan duka ba cuta ba ce. Tsufa ne, kuma duk wanda Allah ya ba tsawon rai zai same shi. Tamoji da furfura ba su bukatar magani. Abin da muke tsoro shi ne tsagewar fata da abin da ke biyo bayanta.

A cikinku akwai dukawa da waɗanda suka san aikin jima. Ku gaya mana: gugan fata da aka yar a rana ba a shafa masa mai, me ke samunsa? Yana ƙandarewa, ya tsattsage, ya daina riƙe ruwa. Wanda ake shafa wa mai kuwa, sai ya shekara da shekaru yana aiki. In mun san wannan ga fatar sa da ta akuya, don me za mu manta da shi ga fatar iyayenmu?

ƘASARMU DA LOKUTANTA

Kowane lokaci na shekara yana da nasa wahalar ga fata.

Da ɗari, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas, busasshiya, da ƙura. Tana shanye laimar fata kamar yadda take shanye rigar da aka shanya. Lokacin faso ke nan, da kaushi, da tsagewar leɓe.

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi a jahar Maraɗi yakan wuce awo 40. Tsoho ba ya yin gumi kamar saurayi, kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri. Zafi na iya kayar da shi. A ajiye shi a inuwa, a riƙa ba shi ruwa. In zai fita gona ya sa malfa.

Da damina, da kuma duk shekara ga masuntan tabkin Madarunfa da masu garka a bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi da fadamar Jiratawa, wahalar ta ruwa ce. Ƙafar da ke wuni cikin ruwa tana jiƙewa, tsakanin yatsu ya yi fari, ya ruɓe, ya tsage. In an fito daga ruwa a wanke ƙafa da ruwa mai tsabta, a tsane ta sosai, har tsakanin yatsu.

ABIN DA ZA MU KOYA DAGA DANJA

Kowa a nan ya san Danja, kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Tun shekara ta 1956 mishan ta SIM ta buɗe wurin jinyar masu ciwon kuturta a can. Mutane da yawa daga ƙasarmu da ƙetaren iyaka sun yi jinya a wurin.

Me ya haɗa kuturta da zancenmu na yau? Kuturta tana kashe jijiyoyin ji na hannu da ƙafa. Ƙafar ta daina ji, ta daina gumi, ta bushe, ta tsage. Mutum ya taka ƙaya bai sani ba, rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci yatsu. A asibitocin kuturta irin na Danja, ana koya wa majinyata dabara mai sauƙi ta kare ƙafafunsu da kansu a gida. Dabarar ba ta bukatar allura ko kuɗi mai yawa. Ƙafar tsoho ma busasshiya ce, jinta kuma ya ragu. Don haka dabarar nan za ta amfane shi ko da bai taɓa yin kuturta ba. Ga ta, mataki 4. Ku rubuta su cikin littattafanku.

Na ɗaya, DUBA. Kowace yamma a duba ƙafa duka: tafi, diddige, tsakanin yatsu, farce. A nemi tsaga, ƙaya, kumburi, bororo. Tsoho ba ya iya sunkuyawa sosai, idonsa kuma ya rage gani. Jika ko ɗa shi zai duba masa, da sauran hasken rana.

Na biyu, JIƘA. A zuba ruwa mai tsabta cikin kwano ko roba, a sa ƙafa ciki kamar minti 20, har kaushi ya yi laushi. Ba ruwan zafi ba. In an ɗumama shi, mai lafiya ya fara gwada shi da gwiwar hannunsa.

Na uku, GOGE. A goge kaushi a hankali da dutsen goge ƙafa. Kaɗan yau, kaɗan gobe. Kada a sa reza, kada a sa wuƙa. Reza tana wuce kaushi ta shiga nama.

Na huɗu, SHAFA. Tun ƙafa tana da sauran laima a shafa mai, a mulke diddige da tafi da ƙwauri. Kada a sa mai tsakanin yatsu. Wurin nan bushewa yake so.

Ku lura da wannan da kyau: ruwa ne ke tausasa fata, mai kuwa rufe ruwan yake yi don kada ya fita. Kamar tulu ne da murfinsa. Mai a kan busasshiyar fata ba ya aiki sosai. Ruwa ba mai kuma, iska ta shanye shi, fata ta fi da bushewa. Ruwa tukuna, sa'an nan mai.

Bayan wannan, takalmi. Tsoho kada ya yi yawo ba takalmi, ko cikin gida. Kafin ya sa, a kakkaɓe shi, don tsakuwa ko ƙaya ko kunama.

Akwai gargaɗi ɗaya. Wanda likita ya ce yana da ciwon sukari, kada ya daɗe da ƙafa cikin ruwa. A wanke ta, a tsane, a shafa mai, a duba ta kullum. Kaushinsa kuwa, ma'aikacin lafiya ne zai taɓa shi. Haka nan ƙafar da ke da buɗaɗɗen rauni, a nuna wa ma'aikacin lafiya tukuna.

WANKA DA ALWALA

Tsabta wajibi ce, amma wankan tsoho ba irin na saurayin da ya dawo daga sussuka ba ne.

A yi masa da ruwa mai ɗumi kaɗan. Ruwan zafi ƙwarai yana wanke maiƙon fata, yana kuma iya ƙona ta. A rage sabulu. A sa shi inda ake bukata: hammata, matsematsi, ƙafafu, hannuwa. Kada a yi wanka da garin sabulun wanki, yana cin fata. Kada a dirje jikin tsoho da soso mai kaushi ko igiyar buhu. Tsumma mai laushi ya isa. In an gama a tsane jiki da zane a hankali, sa'an nan a shafa mai nan take, tun jiki bai bushe ba.

Iyayena mata, ku kula da ƙarƙashin nono da naɗin ciki da matsematsi. Wuraren nan suna tara gumi, su yi ja, su saɓule. A wanke su, a tsane su, a bar su a bushe.

Muna alwala sau da yawa a rana. Da ɗari, ruwa da iska suna busar da hannu da ƙafa. Bayan alwalar isha, kafin kwanciya, shi ne lokacin da ya fi dacewa a shafa mai, ya kwana yana aiki.

A riƙa yanke wa tsoho farce, don kada ya ji wa kansa rauni wurin susa. A yanke farcen ƙafa a miƙe, kada a ƙwaƙule gefensa.

WANE MAI ZA A SHAFA?

Ba sai mai tsada ba. Man kaɗe yana da kyau. Basilin fari, wanda ba a sa wa turare ba, yana da kyau ƙwarai, kuma ƙaramar kwalba tana daɗewa. In babu su, man gujiya mai tsabta ko man aduwa sun fi babu. Amma wanda ƙafarsa ba ta ji, gara ya yi amfani da basilin. Man da ake ci yana jawo kiyashi da ɓeraye da dare, su ci ƙafar mutum yana barci bai sani ba.

Ga kuma waɗanda za a guje wa.

Man mota da kananzir da garin batir. Waɗannan guba ne, ba magani ba.

Man bilicin, wato mai sauya launin fata. Wasu irinsa suna da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa yagewa. Wasu suna da wani ƙarfe mai guba da ke lalata ƙoda. Shi ya sa ƙasar Kodibuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a shekara ta 2015. Ƴan matanmu su ji wannan da kyau: fatar da kika ɓata kina da shekara 20, da ita za ki zauna kina da shekara 60.

Man shafawa na cikin ƴar tuba da masu tallar magani ke yawo da shi a kasuwa, suna cewa yana maganin kowane ƙaiƙayi. Da yawansu suna kwantar da ƙaiƙayi na kwana biyu, amma suna ƙara wa makero ƙarfi, suna kuma ƙara sirantar da fatar da dama ta yi siriri. Kada a shafa wa tsoho irin wannan sai ma'aikacin lafiya ya ce.

WUTAR JIN ƊUMI

Da ɗari tsofaffi suna kwana kusa da garwashi. A nan ƙuna ke samunsu. A ajiye kaskon wuta nesa da shimfiɗa da bakin zane. Ku sani kuma, zanen da ya sha mai yana kama wuta da sauri, don haka a riƙa wanke shi. Kada a rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki, iskarsa tana kashe mutum cikin barci. Bargo da safa sun fi wuta aminci.

In ƙuna ta samu, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a sa tawada, ko ƙwai, ko man goge haƙori, ko kashin shanu. Kada a fasa bororon. A rufe da tsumma mai tsabta, a tafi gidan likita.

Ƙaramin rauni kuwa, a wanke shi da ruwa da sabulu, ko da ruwan gishiri: lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali 2 na gishiri. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙusa ce ko ƙaya mai zurfi, a je a tambayi allurar rigakafin tetanos, ciwon nan da ke sanƙarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi.

TSOHON DA KE KWANCE

Wannan shi ne wuri mafi nauyi cikin jawabina. A gidaje da yawa akwai tsoho ko tsohuwa da ciwo ya kwantar, ko shanyewar ɓarin jiki, ko karaya. In mutum ya daɗe a kwance a gefe ɗaya, ƙashi yana danne fata a kan tabarma. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu daga ciki, sai rauni ya buɗe. Wuraren da ya fi fitowa su ne ƙugu, da ƙashin gindin baya, da diddige, da idon sawu, da kafaɗa. Irin wannan rauni yana da wuyar warkewa, kuma yana iya zama ajalin mutum. Amma ana iya hana shi.

A riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2: dama, baya, hagu. In babu agogo, ku bi lokutan da kuka sani: asuba, fitowar rana, hantsi, tsakar rana, azahar, la'asar, magariba, isha, da duk lokacin da mai jinya ya farka cikin dare. Wurin juyawa a ɗaga shi, kada a ja shi a kan tabarma. A yi masa shimfiɗa mai laushi, ba ƙulli ba tsakuwa. A sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyinsa, da ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga ƙasa. In fitsari ko bayan gida ya zubo, a wanke nan da nan, a tsane, a shafa basilin, a sake zane.

A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Don haka a duba da ido, a kuma taɓa da hannu. Wurin da ya fi sauran jiki duhu, ko zafi, ko tauri, alama ce rauni na tafe. Kada a murza wurin. A daina kwantar da shi a kansa, a gaya wa ma'aikacin lafiya.

Aikin nan ya fi ƙarfin mace ɗaya. A gidaje da yawa suruka ko ɗiya ɗaya ake bar wa shi, dare da rana, har ita ma ta kwanta. Maza, ku sa hannu. Ɗaga babban mutum aikin ƙarfi ne. A raba kwanaki tsakanin ƴaƴa.

ABINCI DA RUWA

Fata daga ciki ake gina ta. Tuwo da fura kaɗai ba su isa ba. Tsoho yana bukatar wake, gujiya, nono, ƙwai, da kifi ko nama in an samu, domin su ne ke gina nama su rufe rauni. Yana bukatar ganye da ƴaƴan itace: zogale, wanda Allah ya hore mana a Jiratawa da kewaye, da kuka, yakuwa, tumatir, mangwaro, gwaba, lemun tsami. In haƙora sun zube, a dafa masa ya yi laushi, a daka abin da ke bukatar daka. Kada a bar shi da kunu tsararo don ba ya iya tauna.

Ruwa kuma, kada a jira sai ya tambaya. A ajiye masa moɗa kusa, a riƙa tuna masa. Taba tana rage gudun jini a fata, tana jinkirta warkewar rauni. Mai gyambo da ke shan taba yana yaƙi da maganinsa.

YAUSHE ZA A TAFI GIDAN LIKITA?

Mai da ruwa rigakafi ne, ba su maganin komai. Ga alamomi 7. In kun ga ɗaya, ku kai tsoho gidan lafiya mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku asibitin Madarunfa ko Maraɗi.

1. Raunin da ya yi mako 2 bai kama hanyar warkewa ba.
2. Raunin da ya kumbura, yana zafi, yana fid da mugunya ko wari, ko ya zo da zazzaɓi. Wannan ba ya jiran gobe.
3. Kowane rauni a ƙafar mai ciwon sukari, kome ƙanƙantarsa. Tsohon da ke yawan fitsari da yawan ƙishirwa, rauninsa kuma ba ya warkewa, a auna jininsa.
4. Tabo mai haske a jiki wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Yana iya zama farkon kuturta. Kuturta ba gado ba ce, ba kuma sammu ba. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Tana warkewa da magani na wata 6 ko wata 12. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta. Wanda ya fara shan magani ba ya sa wa kowa. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa.
5. Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, da ƙuraje tsakanin yatsun hannu da wuyan hannu da ƙugu, kuma wasu ƴan gidan suna susa. Wannan ƙazwa ce. Duk gida za a yi wa magani rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi, a shanya a rana.
6. Ƙuraje masu ruwa da suka fito a jere a gefe ɗaya na jiki, kamar rabin ɗamara, da zafi kamar wuta. Ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki tun yarinta, ta farka da tsufa. Magani ya fi aiki cikin kwana 3 na farko. In a fuska ne kusa da ido, a tafi ranar.
7. Baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce wanda ke girma, ko tsohon gyambo da bakinsa ya yi tudu yana jini. Yana iya zama ciwon daji na fata. Zabiya sun fi kowa haɗarin wannan ciwo saboda rana. Su riƙa sa malfa da riga mai dogon hannu tun suna yara.

AIKIN WA NE?

Tsofaffinmu suna da kunya da kawaici. Baba ba zai ce wa ɗansa zo ka duba mini ƙafa ba. Inna ba za ta nuna wa suruka inda ke mata ciwo ba. Sai su ce lafiya lau, alhali rauni yana ci a ƙarƙashin zane. Saboda haka kada mu jira su faɗa. Mu ne za mu je.

Ku iyayena tsofaffi da ke zaune a nan, ina roƙonku: in jika ya zo da kwanon ruwa, kada ku kore shi. Ba raini ba ne. Hannun da kuka yi wa wanka yana jariri, shi ne ya zo ya rama kaɗan daga cikin abin da kuka yi masa.

Ku kuma masu karatu, yanzu kun iya karanta takardar likita, kun iya rubuta rana da wata. Kowa ya buɗe shafi ɗaya cikin littafinsa. Ya rubuta ranar da ya fara ganin rauni a jikin tsohonsa, don ya san in mako 2 ya cika. Ya rubuta lokutan juya majinyaci. Ya karanta wa maƙwabcin da bai zo cibiya ba wannan jarida. Amfanin karatu ke nan.

Yau da dare, kafin a kwanta, kowa ya ɗauki kwano da ruwa da ɗan mai, ya je wurin tsohon gidansu. Duba, jiƙa, goge, shafa. Rabin awa ya isa. Da mun yi haka a gidanmu, da wan mahaifina bai rasa garkarsa da awakinsa ba.

Malamin cibiya zai nuna muku cewa kalmar fata iri biyu ce, rubutu ɗaya. Akwai fatar jiki, akwai fatan alheri. To fatana shi ne ɗarin bana ya wuce ba a ɗauki tsoho ko ɗaya na garin nan a amalanke saboda faso ba.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya, ya ba mu masu yi mana in namu tsufan ya zo.  

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Faɗi aiki 4 da fata ke yi wa jiki.
2. Don me ake jiƙa ƙafa kafin a shafa mata mai?
3. Bayan awa nawa ake juya majinyacin da ke kwance?
4. Wace alama ce ke nuna farkon kuturta?
5. Tsofaffi nawa ne a gidanku, kuma wa zai riƙa duba ƙafafunsu?